Cinikin Sony na sensar kyamara a watannin Yuli zuwa Satumba 2025

Sony Semiconductor Solutions kamfani ne na ƙasar Japan da ke ƙera sensar kyamara, wato ɗan ƙaramin farantin silikon da ke bayan gilashin kyamara, wanda yake karɓar haske ya mayar da shi hoto. Reshe ne na rukunin kamfanonin Sony, kuma hedikwatarsa tana garin Atsugi a lardin Kanagawa. Shi ne kan gaba a duniya a wannan sana'a, domin kusan rabin kuɗin da ake kashewa wajen sayen sensar kyamara aljihunsa suke shiga. A cikin rahotannin kuɗi na Sony, harkar tana fitowa ne da sunan sashen Imaging & Sensing Solutions.

A ranar 11 ga Nuwamba 2025 Sony ya fitar da rahotonsa na watanni uku, Yuli zuwa Satumba, inda ya bayyana cewa sashen ya yi cinikin yen biliyan 614.6, ya kuma sami ribar aiki ta yen biliyan 138.3. Sashen bai taɓa samun irin wannan ciniki ko irin wannan riba a cikin wata uku ba. Mafi yawan ƙarin ya fito ne daga manyan sensoci masu tsada da ake sa wa wayoyin alfarma, a daidai lokacin da masu ƙera wayoyi masu araha, irin waɗanda suka cika kasuwannin arewacin Najeriya, suke fama da raguwar riba.

Yadda sensar kyamara take aiki

Kyamarar zamani tana da manyan sassa uku: gilashin da ke tattara haske, sensar da hasken ke sauka a kanta, da ƙwaƙwalwar da ke gyara hoton kafin ya fito a fuskar waya. An rarraba fuskar sensa zuwa miliyoyin ƙananan gurabe da ake kira fiksil. Kowane fiksil yana auna hasken da ya same shi, ya mayar da shi wutar lantarki, sannan a juya wutar ta koma lambobi. Fiksil miliyan ɗaya shi ne megafiksil ɗaya, kuma wannan ita ce lambar da ake rubutawa a jikin kwalin waya.

Ana iya kwatanta fiksil da kwanon da aka ajiye a tsakar gida don tarar ruwan sama. Idan ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ƙaramin kwano ma zai cika. Idan kuwa yayyafi ake yi, sai mai faɗin baki ne zai tara abin kirki. Shi ya sa da rana tsaka kusan kowace waya tana ɗaukar hoto mai kyau, amma bambancin yakan fito fili da magariba, ko a cikin ɗaki lokacin da aka ɗauke wuta.

Wayoyi biyu suna iya ɗaukar lamba iri ɗaya, megafiksil 50, alhali sensocinsu sun yi nisa da juna. A wayoyi masu araha faɗin fiksil ɗaya yakan zama maikiron 0.64. A sensar Sony IMX890 faɗinsa maikiron 1.0 ne, a IMX989 kuma maikiron 1.6. Maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Idan aka auna fili, fiksil na IMX890 ya ninka na waya mai araha kusan sau biyu da rabi, na IMX989 kuma ya ninka shi fiye da sau shida.

Tarihin kamfanin a taƙaice

A shekarar 1969 Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙiro sensa ta farko mai suna CCD a ɗakin binciken Bell da ke Amurka, aikin da ya sa aka ba su kyautar Nobel a 2009. Kazuo Iwama, wanda ya shugabanci Sony, shi ne ya dage kamfanin ya zuba kuɗi a wannan fasaha na shekaru da dama ba tare da riba ba. Ya rasu a 1982 kafin harkar ta kankama, daga baya kuma aka liƙa wata sensar CCD a jikin dutsen kabarinsa.

A farkon shekarun 1990 Eric Fossum da abokan aikinsa a wani ɗakin bincike na hukumar NASA suka fito da sabuwar sensa mai suna CMOS, wadda ba ta cin wuta sosai kuma ta fi sauƙin ƙerawa. Ita ce ta ba da damar sa kyamara a cikin wayar hannu. Sony ya koma kanta, ya kuma kawo gyara biyu da suka ba shi rinjaye. A 2008 ya sanar da sensar da aka juya ta yadda haske ke shiga ta baya ba tare da wayoyin lantarki sun tare shi ba. A 2012 kuma ya fito da sensa mai hawa biyu, fiksil a sama, da'irar lissafi a ƙasa. A watan Afrilu 2016 sashen ya fara aiki a matsayin kamfani mai zaman kansa a ƙarƙashin Sony. Manyan masana'antunsa suna Kumamoto, Nagasaki, Oita da Yamagata, duk a Japan.

Alƙaluman rahoton

Shekarar kuɗi ta Sony tana farawa ne a watan Afrilu, ta ƙare a watan Maris, saboda haka watannin Yuli zuwa Satumba su ne rubu'i na biyu. Ribar aiki kuwa ita ce abin da ya rage bayan an cire kuɗin kayan ƙira, albashi, bincike da tsufan injuna, kafin a biya haraji. Ga yadda sashen ya kasance a irin waɗannan watanni cikin shekaru huɗu:

2022: ciniki yen biliyan 398.4, riba biliyan 74.0, wato kashi 18.6 cikin 100 na ciniki.
2023: ciniki yen biliyan 406.3, riba biliyan 46.4, kashi 11.4 cikin 100.
2024: ciniki yen biliyan 535.6, riba biliyan 92.4, kashi 17.3 cikin 100.
2025: ciniki yen biliyan 614.6, riba biliyan 138.3, kashi 22.5 cikin 100.

Tsakanin 2024 da 2025 ciniki ya ƙaru da kashi 15 cikin 100, riba kuma ta ƙaru da kashi 50. Idan aka haɗa da watannin Afrilu zuwa Yuni 2025, lokacin da sashen ya yi cinikin biliyan 408.2 da ribar biliyan 54.3, ribar wata shida ta kai biliyan 192.6. Wannan ya kusa kashi uku cikin huɗu na ribar dukan shekarar da ta gabata, wadda ta tsaya a biliyan 261.1. Ganin haka Sony ya ɗaga hasashen ribar sashen na shekara daga yen biliyan 280 zuwa 310.

A waɗannan watanni dala ɗaya tana kusa da yen 147, don haka cinikin ya kai kimanin dala biliyan 4.2, ribar kuma ta ɗan gaza dala biliyan ɗaya. Idan aka juya ribar zuwa naira a kan 1,500 kowace dala, ta kai kimanin naira tiriliyan 1.4. Kasafin kuɗin Jihar Jigawa na 2025 da Gwamna Umar Namadi ya sanya wa hannu naira biliyan 698 ne. Ke nan ribar wata uku ta wannan sashe ta ninka kasafin jihar na shekara guda kusan sau biyu.

Dalilan ƙaruwar riba

Dalili na farko shi ne girman sensa. Yawan wayoyin da ake sayarwa a duniya ya daina hauhawa tun shekaru da suka wuce. Ya kai ƙololuwa a 2016 da kusan biliyan 1.5, yanzu kuma yana kai-kawo a kusa da biliyan 1.2 a shekara. A watannin Yuli zuwa Satumba 2025 ƙaruwar bai kai kashi 5 cikin 100 ba a ƙididdigar manyan kamfanonin da ke bin diddigin kasuwa. Tun da cinikin Sony ya ƙaru da kashi 15, a fili yake cewa kuɗin da yake samu a kan kowace waya ne ya ƙaru. Kamfanin ya danganta ƙarin da tsadar manyan sensoci da babban abokin cinikinsa ya sa a sababbin kayansa, da kuma ƙaruwar adadin da aka fitar.

Sony ba ya ambatar sunan wannan abokin ciniki a rahotanninsa, amma sananne ne cewa Apple ne. A watan Disamba 2022 shugaban Apple, Tim Cook, ya ziyarci masana'antar Kumamoto, ya kuma tabbatar da cewa kamfanonin biyu sun shafe fiye da shekara goma suna aiki tare a kan kyamarar iPhone. A watan Satumba 2025 Apple ya fito da iPhone 17, inda kyamarori ukun da ke bayan samfurin Pro duk suka zama megafiksil 48, aka kuma sa sabuwar sensa mai faɗi a kyamarar gaba.

Girman sensa yana da alaƙa da farashi kai tsaye. Ana yanka sensoci ne daga faifan silikon mai faɗin milimita 300. Kamar yadda tela yake samun huluna da yawa daga turmin yadi ɗaya amma riguna kaɗan, haka faifai ɗaya yake ba da ƙananan sensoci masu yawa ko manya 'yan kaɗan. Babbar sensa tana cinye fili, don haka dole farashinta ya hau, kuma kamfanoni kaɗan ne suka iya ƙera ta da inganci.

Dalili na biyu shi ne raguwar ɓarna a masana'anta. Ba duk sensar da aka yanka daga faifai ba ce take aiki. Ƙura ɗaya tana iya lalata guda, kuma idan aka fara sabon samfuri, waɗanda ake zubarwa sukan yi yawa har sai ma'aikata sun gane kan aikin. Wannan matsala ce ta sami Sony a 2023, lokacin da ya fara ƙera wata sabuwar sensar waya da yawa, shi ya sa ribar Yuli zuwa Satumba ta faɗi daga biliyan 74.0 zuwa 46.4 duk da cewa ciniki ya ɗan ƙaru. Da aka shawo kan matsalar, ribar ta dawo.

Dalili na uku shi ne yanayin kuɗin da masana'antar silikon ke ci. Tsakanin Afrilu 2021 da Maris 2024 Sony ya kashe kimanin yen biliyan 900 wajen gine-gine da injunan ƙera sensa. Wannan kuɗi ana cire shi ne kaɗan-kaɗan daga riba kowane wata, ko injunan sun yi aiki ko suna zaune. Da zarar ciniki ya biya wannan tsayayyen nauyi, mafi yawan abin da ya hau kai riba ce. Wannan ne ya sa ƙarin ciniki na kashi 15 ya haifar da ƙarin riba na kashi 50. Idan ciniki ya ragu kuma, riba takan faɗi da irin wannan saurin.

Abubuwan lura wajen karanta rahoton wata uku

Harkar sensa tana da kaka da bazara kamar noma. Masu ƙera waya suna sayen kaya da yawa kafin fitowar sababbin wayoyi a watan Satumba da kuma cinikin ƙarshen shekara. A shekarar kuɗi ta 2024 ribar sashen ta kasance biliyan 36.6 a rubu'i na farko, 92.4 a na biyu, 97.5 a na uku, sannan ta koma kimanin 35 a na huɗu. Wanda ya leƙa rumbun manomi a watan Nuwamba ya yi lissafin shekara da abin da ya gani zai yi kuskure. Saboda haka masu nazari suke kwatanta kowane rubu'i da takwaransa na bara, ba da wanda ya gabace shi ba.

Abu na biyu shi ne canjin kuɗi. Sony yana biyan mafi yawan ma'aikatansa da yen, amma yana sayar da sensa da dala. Idan yen ya faɗi, kowace dala tana komawa yen mai yawa a cikin littafi, sai ciniki ya kumbura ko da kayan da aka sayar ba su ƙaru ba. Hakan ya taimaka wa alƙaluman 2024, shekarar da dala ta haura yen 160 a farkon Yuli. A 2025 kuwa yen ya ɗan fi ƙarfi a kan yadda yake a irin waɗannan watanni na 2024, don haka ba za a jingina ƙarin wannan karon ga canji ba.

Abu na uku shi ne sayayyar riga-kafi. Tun watan Afrilu 2025 gwamnatin Donald Trump ta sanar da sabon kuɗin fito a kan kayan ƙasashe da dama, ta kuma yi ta barazanar ɗora wani a kan sassan lantarki. A irin wannan hali kamfanoni sukan sayi kaya su jibge kafin farashi ya tashi, kamar yadda ɗan kasuwa yake cika sito idan ya ji ƙishin-ƙishin za a rufe iyaka. Sony da kansa ya nuna cewa akwai alamar abokan cinikinsa sun gaggauta sayayya a farkon shekarar. Idan haka ne, wani kaso na cinikin watanni masu zuwa ne aka ci tun yanzu.

Haɗurran da ke gaban kamfanin

Babban haɗari shi ne dogaro da abokan ciniki 'yan kaɗan. Sony ya ɗanɗana kuɗarsa a 2020, lokacin da takunkumin Amurka ya tilasta masa dakatar da aika kaya ga kamfanin Huawei na Sin daga tsakiyar watan Satumba. Ribar sashen ta faɗi daga yen biliyan 235.6 a shekarar kuɗi ta 2019 zuwa biliyan 145.9 a ta 2020, kuma sai a shekarar 2024 ta wuce matsayinta na da. A watan Agusta 2025 Apple ya sanar da cewa zai yi aiki da Samsung a masana'antarsa ta Austin da ke jihar Texas a kan wata sabuwar fasahar ƙira, jaridar Financial Times kuma ta ruwaito cewa sensar kyamarar iPhone ce za a ƙera a can. Idan hakan ta tabbata, Sony zai sami kishiya a gidan da ya daɗe shi kaɗai.

Haɗari na biyu shi ne taruwar masana'antu a yanki ɗaya. A watan Afrilu 2016 girgizar ƙasa ta dakatar da masana'antar Kumamoto na tsawon watanni, abin da ya jawo ƙarancin kyamarorin ɗaukar hoto a duniya. Duk da haka a nan ɗin ake ci gaba da gini: kamfanin TSMC na Taiwan ya buɗe masana'anta a Kumamoto a watan Fabrairu 2024, wadda Sony yake da hannun jari a cikinta, shi ma Sony ya fara gina wata sabuwa a garin Koshi da ke lardin.

Na uku shi ne gasa daga Sin da Koriya ta Kudu. Samsung ne na biyu a kasuwa. Kamfanonin OmniVision, GalaxyCore da SmartSens, waɗanda duk suke hannun 'yan Sin, sun fara ne daga ƙananan kaya masu araha, yanzu kuma suna ƙera sensoci masu megafiksil 50 da manyan masu ƙera waya na Sin suke saye.

Kasuwar wayoyi masu araha

Wayoyin da suka fi yawa a hannun jama'a a arewacin Najeriya su ne Tecno, Infinix da itel, dukansu na kamfanin Transsion da ke birnin Shenzhen na Sin. Kamfanin yana riƙe da fiye da kashi 40 cikin 100 na kasuwar manyan wayoyi a Afirka. Ya sami karɓuwa ne ta hanyar wayoyi masu layi biyu, batir mai daɗewa, da kyamarar da aka daidaita don ta fitar da fuskar baƙar fata da kyau. Wannan daidaitawa aikin manhaja ce fiye da aikin sensa, abin da ke nuna cewa sensa ba ita kaɗai ce ke yin hoto ba.

Mafi yawan waɗannan wayoyi ƙananan sensoci suke ɗauke da su, irin na GalaxyCore, Samsung ko OmniVision. Sensar Sony ta fi bayyana ne a manyan samfura, kamar Tecno Camon 30 Premier na 2024, wanda aka sa wa IMX890. A nan ne alƙaluman kamfanonin biyu suka bambanta. A watanni shida na farkon 2025 cinikin Transsion ya ragu da kusan kashi 16 cikin 100, ribarsa kuma ta faɗi da fiye da rabi, saboda gasa daga irin su Xiaomi da kuma tsadar kayan haɗi. A rabin shekara na biyu farashin ma'adanar bayanai ta waya ya fara tashi, domin manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suna wawure abin da masana'antu ke fitarwa. Wannan tsada ta fi cutar da waya mai araha, wadda ribar da ke kanta ba ta taka kara ta karya ba.

Daga Kumamoto zuwa Kazaure

Babu masana'antar ƙera sensa a Najeriya. Sensar da aka yanka a Japan takan tafi wurin kamfanonin da ke haɗa ta da gilashi, irin su Sunny Optical na Sin ko LG Innotek na Koriya ta Kudu, daga nan ta wuce masana'antar haɗa waya. Wayar takan sauka a Legas, ta bi ta kasuwar Computer Village da ke Ikeja ko ta hannun dillalan kamfani, ta iso Kano, musamman kasuwar Farm Centre da titin Beirut. Daga Kano ne masu shaguna na Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura suke saro waya da kayan gyara.

A wannan yanki kyamarar waya ta zama kayan aiki. Mai sayar da dabba yana tura hoton sa ko rago ta WhatsApp ga mai saye a Kano ko Legas kafin a yi ciniki. Tela da mai ɗinkin hula suna tallata aikinsu da hoto. Buɗe asusu a bankunan waya yana buƙatar ɗaukar fuska, haka ma rajistar lambar NIN da ta jarrabawar JAMB. A zaɓen 2023 na'urar BVAS ta hukumar INEC ta yi amfani da kyamara wajen tantance fuskar mai zaɓe da ɗaukar hoton takardar sakamako. Idan kyamara ta gaza a wurin da haske ya yi ƙaranci, ciniki ko rajista ne yake tsayawa.

Duk da haka, ribar Sony ba ita ce ke yanke farashin waya a Kazaure ba. Sensa ƙaramin kaso ce a cikin kuɗin haɗa waya mai araha. Abin da ya fi tasiri shi ne darajar naira. Kafin watan Yuni 2023 farashin hukuma yana kusa da naira 460 kowace dala. Bayan an saki canji, ya haura 1,500 a watan Fabrairu 2024, farashin waya kuma ya bi shi. Wayoyin da suka kawo wa Sony ribar 2025 sun yi wa yawancin jama'a nisa: iPhone 17 Pro ya fara ne daga dala 1,099 a Amurka lokacin da ya fito a 2025, kimanin naira miliyan 1.6 kafin kuɗin fito da na dako, wato albashin kusan wata 23 ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000.

Sensar Sony tana isa yankin ne ta hanyoyi uku. Ta farko, tsofaffin wayoyin iPhone da ake shigowa da su daga waje, waɗanda 'yan kasuwa ke kira Landan yus. Ta biyu, manyan samfuran Tecno da Infinix da takwarorinsu. Ta uku, kyamarorin masu ɗaukar hoton biki da bidiyo, domin ban da kyamarorin Sony, wasu kamfanonin ma a wurinsa suke sayen sensa. Haka kuma fasahar da ta fara a waya mai tsada takan sauko ƙasa bayan 'yan shekaru. Sensar da haske ke shiga ta bayanta, wadda a da sai a kayan alfarma ake samunta, yanzu tana cikin wayoyi masu araha da yawa.

Amfanin rahoton ga mai saye da ɗalibi

Ga mai sayen waya, darasin da ke cikin rahoton shi ne cewa manyan kamfanoni suna biyan kuɗi ne a kan faɗin sensa, ba a kan yawan megafiksil kawai ba. Ana rubuta faɗin da lamba kamar 1/2.76 ko 1/1.56, kuma duk lokacin da lambar ƙasa ta ragu, sensar ta fi girma. Gwada kyamara a cikin shago mai duhu ya fi gwada ta a bakin titi da rana. Yawan gilasai a bayan waya ma ba hujja ba ne, domin a wayoyi masu araha wasu daga cikinsu ƙananan sensoci ne masu megafiksil 2 ko ƙasa da haka. Babban hoto kuma yana cin data, wadda farashinta ya ƙaru bayan hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a watan Janairu 2025.

Ga mai gyaran waya, ba a gyara sensa. Idan ta lalace, ana sauya kyamarar ce gaba ɗaya, shi ya sa kuɗin gyara yake bin farashin dala. Ga ɗalibai kuwa, yankin yana da makarantu uku da suka shafi wannan fanni: Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, cibiyar Informatics ta Kazaure da aka kafa a zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Babura, wadda aka amince da kafa ta a 2021. Gina masana'antar silikon yana cin biliyoyin daloli, yana kuma buƙatar wutar da ba ta yankewa da ruwa mai tsabta ƙwarai. Amma aikin da ake yi a kan hoton bayan sensa ta ɗauke shi, kamar manhajar gane cutar shuka daga ganye, karanta takarda, ko girka kyamarorin tsaro masu aiki da hasken rana, yana buƙatar kwamfuta da ilimi ne kawai.

Abubuwan da za a sa wa ido

Rahoton watannin Oktoba zuwa Disamba 2025 ya fito a watan Fabrairu 2026. Ma'aunin da za a gwada shi da shi shi ne cinikin yen biliyan 500.9 da ribar biliyan 97.5 na irin waɗannan watanni a 2024. Idan sabon rahoton ya wuce su da tazara, hakan zai nuna cewa buƙatar manyan sensoci ce ta ɗaga cinikin. Idan ya tsaya kusa da su ko ya gaza, to sayayyar riga-kafi ta taka rawa fiye da yadda aka zata. Bayan wannan akwai batun ko Samsung zai fara ba Apple sensa daga Texas, da kuma inda farashin ma'adanar bayanai zai tsaya. Wannan na ƙarshe, tare da darajar naira, shi ne zai fi bayyana a farashin wayoyin da ke kan teburan 'yan kasuwa a Kano da Kazaure.